Rufewar Da Illo Ya Gina a Tsakar Gida

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tozai zuwa Isa a shekarun da ake tafiya ba a waiwaye, ya ga aikin hannun Illo ko da bai san sunansa ba. Irin rufewar nan ta ƙasa da ake gani tsaye a bayan gidaje, mai faɗin ciki da ƙaramin baki kamar tulu, yawanci shi ya gina. Mutanen birni kan ce mata rumbu, su haɗa ta da na kara da na zana, amma a Gobir an san bambanci. Rumbun kara yakan yi 'yan damuna ya rushe, rufewa kuwa takan ga jikokin wanda ya sa aka gina ta. Saboda wannan sana'a ba a cika kiran Illo da sunan yanka ba. Magini ake ce masa, tun yana da baƙin gashi har yau da gemunsa ya yi fari fat.

Wurin mahaifinsa Maliki ya koyi aikin. A kan jera duwatsu tukuna don gindin ya tashi daga ƙasa, gara da danshi su rasa hanya. A kwaɓa jar ƙasa da ramno, wato ciyawar da ake daddatsawa don ta riƙe gini, a bar ta ta kwana ta yi laushi. Daga nan sai a riƙa ɗora ta zagaye bayan zagaye, kowane a bar shi ya sha iska kafin a aza masa wani. Magini yana tsayawa a ciki ne, bango yana tashi kewaye da shi, wani kuma yana waje yana curo ƙasa yana miƙa masa. Illo bai taɓa auna komai da igiya ba. Da tafin hannu yake jin kaurin bango, kuma ba a taɓa zuwa an ce masa aikinsa ya tsage ba.

Shi da matarsa Kande sun haifi 'ya'ya da dama. Matan suna gidajen aure, ƙaramin namijin yana Kudu wajen neman abinci. Ɗan farinsu shi ne Dalhatu, kuma a nan labarin yake.

Ranar da aka yaye Dalhatu, Maliki ya sa aka kai shi sashensa, ya riƙe shi har ya girma. Haka ake yi. Samarin yanzu da ke saɓa ɗan fari a kafaɗa su shiga kasuwa da shi ba lalle su gane ba, amma a zamanin su Illo mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya cin abinci a gabansa. Kunya ake ce mata, kuma ba wanda yake ɗaukarta ƙiyayya. In Illo zai ambaci yaron sai ya ce "na Baba". Yaron kuma ya tashi yana ce masa Magini kamar kowa. Da ƙyanda ta kama Dalhatu yana ƙarami, an ga Illo ya yi kwanaki yana gyaran zanar bayan ɗakin da aka kwantar da shi, zanar da ba abin da ya same ta. Da Dalhatu ya yi aure, ya dawo daga cin rani ya tarar da sabuwar rufewa a sashensa, bai tambayi wanda ya gina ba, ba a kuma gaya masa ba.

A Tozai wannan zaman bai taɓa wahalar da kowa ba. Gidan babba ne, kowane sashe da tasa ƙofa, ga inuwar ƙofar gida, ga ta bayan gida. Uba da ɗa suna iya yini su kwana a gida ɗaya ba su haɗa ido ba, kowa kuma yana jin motsin ɗan'uwansa, hankalinsa a kwance. Jikoki ne suke kai da kawowa tsakaninsu, su ci nan su ƙarasa can.

Sai zaman ƙauye ya gagara saboda rashin tsaro. Kamar mutane da yawa, suka kwaso abin da za su iya ɗauka suka shigo cikin garin Isa. Wani ɗan'uwan Kande ya ba su aron gida a bayan kasuwa, mai zaure ɗaya da ƙofa ɗaya da tsakar gida da ba ta fi a shanya tabarmi kaɗan ba. Suka sami gonar aro a bakin gari. Dalhatu, wanda dama yana gyaran injin ban-ruwa, ya kafa rumfa kusa da masu walda.

Illo bai yi ƙorafi ba. Ya dai ci gaba da abin da ya saba. In ya ji sallamar Dalhatu a zaure sai ya naɗe buzunsa, ya jira ya shige ɗaki, shi kuma ya fita waje. In rana ce ya raɓa jikin katangar maƙwabta, in ruwa ne ma can ɗin dai. Da tafiya ta yi tafiya sai ya lura fitar tasa ta ragu, domin Dalhatu ya daina dawowa cin abincin rana, da yamma ma sai an watse daga masallaci ake jin takunsa. Illo ya sa wa ransa cewa gidan ne ya gunduri yaron. Abin ya tsaya masa a rai, amma jikoki suna nan, suna hawa bayansa, suna sace masa goro, don haka ya yi shiru.

Babbar jikarsa ita ce Mardiyya, 'yar farin Dalhatu, budurwa mai baki, wadda ta gama sakandare a nan Isa. Tsakaninta da kakanta ba kunya ko kaɗan, sai wasa da tsiya. Wata rana bayan kaka, da la'asar, ta kawo masa fura ta dire a gabansa.

"Ga hurarka, tsoho. In ta yi ruwa ka yi haƙuri, ka kusa hutawa da ni."

"Wa ka son ki da za shi ɗauke ki?" in ji Illo yana motsa ludayi. "Ni ɗin ma haƙuri nika yi da ke."

"Ba aure ba na. Sabon Birni za mu koma. Abokin Abba, Is'haƙa, ya sama mashi gida da rumhwa kusa da masu lambu. Mu duka za mu tahi, har ƙanana."

Illo ya ci gaba da motsa furar, ko da yake ta riga ta damu.

"Mi ya ce ya kore shi?"

"Ya ce aiki ya hi yawa can. Ban dai ga alamar murna ga huskatai ba. Kai ma ka ɓata rai. To, ka bi mu mana, in kai maka hura can."

"Ina za ni bi yara kamar akuya," ya ce. "Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi tana dariya, ba ta san abin da ta ajiye masa ba. In Dalhatu ya tashi da iyalinsa, gidan zai koma tsofaffi biyu da kaji. Hanyar Sabon Birni kuwa ba kullum take biyuwa ba, mutum zai iya shekara bai ga jikokinsa ba.

Ya sami Kande a bakin murhu tana tsince wake.

"Ke kin ji?"

"Na jiya."

"Ba ki ce komi ba?"

Kande ta ɗago ta dube shi. "Ni da na haihe shi za ni ce? Ni ko inuwatai ban takawa. Kai da kake namiji ka ce mana, Malam."

Ya san hanyar da ake bi. Sai ya sami liman ko wani dattijo ya ce a gaya wa na Baba kada ya tafi. Dalhatu ba zai ƙetare ba, ko da kaya suna kan mota zai sauke. Amma saƙon uba zuwa ga ɗan fari umarni ne, ba a mayar da amsa. In da gaske gidan ne ya ishe shi, zai zauna da ƙunci, Illo kuma ba zai taɓa sani ba. Shi ba tsare yaron yake so ya yi ba. So yake ya ji daga bakinsa abin da ya kore shi, tambayar kuwa ba ta aikuwa, kuma ba ta yiwuwa ido da ido.

Ya yi kwanaki yana juya abin. Ran nan da safe, bayan an karya kumallo, kafin Dalhatu ya fita, Illo ya ɗauki sandarsa ya tsaya a tsakiyar tsakar gida, ya zana babban da'ira a ƙasa. Ya ɗaga murya yana fuskantar Mardiyya.

"Hatsin ga da munka tara ɗaki, ɓera da gara sun hwara rabon shi. Ruhewa za ni ginawa. Na yi magana da mai gida, ya yarda."

Saudatu, matar Dalhatu, ta leƙo daga ɗakin girki. "Baba, nan tsakiya? Ina za mu aza turmi? Ina za mu yi shanya?"

"Nan ta hi shan iska," in ji Illo, bai ƙara bayani ba. "Ruwa da ramno aikin mata da yara na. Mai miƙo ƙasa ko sai namiji. In babu, sai in je kasuwa in nemo ɗan ƙwadago, mutane su gani."

Can sai ga Dalhatu ya fito da tsohuwar riga, ya bi ta gefen katanga kansa a sunkuye, ya ɗauki galma da buhu ya nufi kududdufin da ake haƙar ƙasa. Da rana Mardiyya ta kawo labari cewa an ɗage tafiya sai an gama gini. Illo ya ce to.

Tun da suka bar Tozai ba a taɓa ganin mutanen gidan duka a wuri ɗaya ba sai da wannan aiki. Ƙananan yara aka zuba cikin kwaɓin ƙasa suna tattakawa, suna faɗuwa da gangan, Kande tana zaune a kan turmi tana datsa ramno tana ba su labarin rufewar Maliki, kakan ubansu, wadda aka ce a shekarar yunwa ta ciyar da unguwa guda. Saudatu da Mardiyya suna jido ruwa. Illo yana tsakiyar da'ira a tsugune, Dalhatu yana waje yana cura ƙasa. Muddin bango bai tashi ba, Illo yana aiki ne ya ba shi baya, sai ya miƙa hannu ta gefe a ɗora masa curi. Magana kuwa ta bakin Mardiyya take bi, alhali tsakanin mutanen biyu bai wuce miƙa hannu ba.

"Ce ma mai miƙo ƙasa ta yi ruwa."

"Abba, an ce ta yi ruwa."

"Ce ma Magini na ji."

"Tsoho, an ce an ji. Ni kam in an gama sai an biya ni ladan bakina."

"A biya ki da mi? Ke da ko ruwan kirki ba ki iya ɗaukowa, rabi kike zubarwa ga hanya don samari su dube ki."

Illo ya ji wata 'yar dariya ta fito a bayansa aka danne ta da tari. Rabonsa da jin dariyar Dalhatu kusa haka har ya manta.

Da rana ta take, a nan inuwar ɗaki ake cin abinci, mata a gefe, yara a tsakiya. Illo yakan ɗauki ƙwaryarsa ya shiga zaure, Dalhatu ya shiga ɗaki, amma ba wanda yake barin gidan. Wannan ya yi wa Illo daɗi ƙwarai, har ya soma jan aikin. Zagayen da zai bushe a yini sai ya ce a bar shi ya kwana. Wani ya duba shi ya ce bai yi masa ba, ya ɓamɓare ya sake. Kande ta lura.

"Malam, tun ina amarya nika ganin kana gini," ta ce masa a hankali. "Ban taɓa ganin ruhewa mai nawa irin wagga ba."

"Ƙasar Isa ba irin ta Tozai ba ta. Sai an lallaɓa ta."

"Uhm," in ji Kande. "A lallaɓa dai."

Ba a daɗe ba lallaɓawar ta ƙare. Is'haƙa ya bugo waya daga Sabon Birni ya ce mai gidan ya gaji da jira, in ba a zo ba kafin kasuwa mai zuwa zai ba wani. Mardiyya ce ta kawo saƙon, ta ce Abba yana tambaya yaushe za a rufe baki. A lokacin bango ya kai wa Illo kafaɗa.

"Ce mai jibi," in ji Illo.

Kashegari ya kama aiki da sauri irin na ƙuruciyarsa. Kafin hantsi ya yi zafi bango ya wuce kansa ya soma lanƙwasowa ciki. Dalhatu ya kifa turmi ya hau, yana miƙa curi ta sama. Ba abin da kowannensu yake gani na ɗan'uwansa sai hannu. A wannan mataki na aiki magini ba shi da ɗan aike. Dole ya yi magana da mai miƙo masa ƙasa kai tsaye, don shi kaɗai ke jin sa sosai ta bakin ginin. Illo ya san haka tun ranar da ya zana da'irar. Ya ce a tura Mardiyya da yara rijiya mai nisa, wai ruwan ta kusa yana da gishiri. Saudatu tana daka a maƙwabta tun da aka kore turminta. Kande ta tashi ta shige ɗaki ba tare da an ce mata ba.

Cikin rufewar akwai sanyi da ƙamshin ɗanyar ƙasa, murya kuma tana amsawa.

"Ƙasa," in ji Illo.

Curi ya sauko. Ya karɓa ya manna, ya shafe da tafin hannu.

"Wagga ta yi daidai."

Ya karɓi wani, ya riƙe shi bai manna ba.

"Mai miƙo ƙasa."

"Na'am, Magini."

"An ce ana tashi."

"Haka na."

"Aiki na ya yi kira, ko gidan na ya ishi mutum?"

Turmin da ke waje ya ɗan motsa.

"Aiki akwai shi nan ma," in ji Dalhatu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ranar da anka yi ruwan ga mai iska da damana, na shigo da inji ina kwancewa bakin ɗaki. Ban lura ba. Da na hito zaure sai na hangi mutum tsaye jikin katangar maƙwabta, ruwa na zuba bisa kainai, yana jiran in gama. Tarin da anka yi ta yi bayan nan, ta bango nika jin shi. Na rage zama gida, amma ai ba a hana mutum kwana. Sai na ce in ban tashi ba, wata damanar..."



Illo ya dubi curin da ke hannunsa. Ya tuna ranar sarai. Shi a ganinsa ba wani abu ya faru ba, ruwa ne ya taɓa shi, ya yi tari ya warke.

"Shi mai tsayuwa cikin ruwan, an tambaye shi ko ya gaji?"

"Wa za shi tambaye shi?"

Dariya ta kuɓuce wa Illo, ta cika cikin rufewar. Gaskiya ce, ba mai tambayarsa, kamar yadda shi ma ba shi da mai tambayar masa.

"Ni ko da nig ga ana cin tuwon kasuwa, ana komowa bayan an watse masallaci, sai na ce gidan ya gunduri mutum."

"Don a samu a zauna inuwa na."

Ashe duk tsawon wannan lokaci kowa yana bar wa ɗan'uwansa tsakar gida ne, ɗaya a jikin katangar maƙwabta, ɗaya a rumfar gyara. Illo ya manna curin, ya daɗe yana shafa shi fiye da yadda yake bukata.

"To, a saurara," ya ce. "Ba ni hana kowa neman abincinai. In aiki na, a tahi, Allah shi ba da sa'a, ba ni riƙe kowa ga zuciya. In ko don tsoho na, tsoho ya gina ma kainai bango tsakiyar gida. Gabas tawa, yamma ta mai ita. Ba ni ƙara hita waje, ko rana ko ruwa. Yaran ga kuma, in an kwashe su, wa za ni yi ma hwaɗa? Ita tsohuwar ba ta jin magana."

Ya jira. Hannu ya leƙo da wani curi, ya karɓa.

"Ƙasa ta kusa ƙarewa," in ji Dalhatu. "Za ni kwaɓa wata."

Ya sauka daga turmin. Ranar ba a ƙara wata magana ba. Da yamma aka zura wa Illo tsani ya fito, ya wanke hannu, ya shimfiɗa buzunsa a gabashin ginin ya zauna. Da Dalhatu ya dawo daga masallaci Illo ya ji sallamarsa, ƙafafunsa suka so tashi don sabo, ya danne su. Dalhatu ya tsaya jim a bakin zaure, sa'an nan ya bi ta yamma ya wuce. Illo bai san abin da aka yanke ba, amma ya faɗi tasa, ya kuma ji dalili, barcinsa ya zo da sauƙi.

Da safe ya koma ciki don rufe baki. Aka janye tsanin saboda ya sami wurin juyawa, ya hau wani gungume yana ɗora zagayen ƙarshe, bakin yana ƙara tsukewa har ya rage daidai faɗin kafaɗun mutum. Yana cikin gyara leɓen ne ya ji Dalhatu ya matso jikin bango yana magana a waya, da murya mai ƙarfi fiye da yadda waya take bukata.

"Is'haƙa, ka ba mai gida haƙuri, shi ba wani. A'a, lahiya lau. In hanya ta yi kyau za ni riƙa zuwa ranar kasuwa in duba injuna in komo. Iyali suna nan Isa."

Illo ya ƙarasa leɓen a natse, ya bi shi da ruwa ya shafe sumul.

Sai fita ta gagara. Tsanin da ya shiga da shi da safe ya fi bakin faɗi yanzu. A da yakan dafa leɓe da hannu biyu ya ɗaga jikinsa ya fice kamar ƙadangare. Ya gwada, kafaɗa ta ƙi. Ya sake gwadawa, gungumen ya goce, ya kusa faɗuwa. In ya matsa wa leɓen kuma, ɗanye ne, zai ɓalle.

"Mardiyya," ya kira. "Zo ki hidda mijinki."

Aka jingina tsani a waje inda bango ya riga ya yi ƙwari, ta hau ta leƙo. Ta dube shi a ƙasa, duk jikinsa ƙasa, ta kwashe da dariya.

"Ka gina ma kanka ɗaki, sai ka zauna. Za ni riƙa zuro ma hura da igiya."

"Miƙo hannu, marar kunya."

"Ka yi min nauyi, tsoho. Mu duka za mu hwaɗa." Ta waiwaya ƙasa. "Abba, sai kai."

Fuskarta ta ɓace. Tsanin ya yi ƙara a ƙarƙashin mai nauyi. Aka gitta itace biyu a kan bakin don kada nauyi ya sauka a leɓe, sa'an nan hannu ya sauko, babba, mai kanta da baƙin man inji a ƙarƙashin farce. Illo ya dube shi. Ya kawar da kai wajen bango, ya kama. Aka ɗaga shi a hankali har ƙirjinsa ya hau kan itacen, aka riƙe shi ta ƙarƙashin hammata aka juyo da shi kan tsani. Dalhatu yana sauka a gabansa yana tare shi mataki bayan mataki, idonsa a ƙasa. Da ƙafar Illo ta taɓa ƙasa, Dalhatu ya sake shi ya zagaya yamma. Kande tana bakin ɗakinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar mai gudun hayaƙi.

"Ba wanda za shi taɓa bangon ga sai ya bushe," in ji Illo ga yaran da suka kewaye shi. "Wanda duk na ga sawun yatsanai, ni da shi."

Da ginin ya bushe aka yi masa jinka, aka jera dammunan gero a ciki, Saudatu ta sama wa turminta wuri a kusurwa tana mita. Har yanzu Illo bai kira sunan ɗan farinsa ba, ba kuma zai kira ba. Amma baƙon da ya shiga gidan da la'asar zai tarar da tsoho a gabas a kan buzu, jikoki a jikinsa, da magidanci a yamma yana kwance inji a kan buhu, kowa yana fuskantar katangarsa, suna gardama a kan ko gonar aro za ta karɓi dawa bana ko a sake zuba mata gero.